Ajiya a Gidan Yaya

Ranar da takardar alƙali ta iso, Marvella Tolliver tana zaune cikin kwale-kwalenta tana warware tsumman da ta ɗaure ƙafa da shi. Kwale-kwale ake ce wa robar nan mai kama da bahon wanka da ake ajiye wa duk wanda bai sami gado ba a gidan yarin gundumarmu. Ɗakin mata na mutum goma sha biyu ne. Ranar nan su talatin da ɗaya ne a ciki, har da mai tsohon ciki, ga zafin watan Agusta na Alabama, ga fanka ɗaya tana juyawa kamar an roƙe ta. Nata kwale-kwalen yana gindin masai, don haka duk sanda bututu ya toshe, ita ke fara sani.

Wata biyar ke nan tana jiran shari'a a kan tuƙi ba lasisi da saɓa ranar zuwa kotu. Shekararta hamsin da uku, kuma tana da ciwon suga. Ɗan ƙurjin da ya fito mata a ƙasan babban yatsan hagu tun farkon zuwanta yanzu ya zama gyambo mai faɗin murfin kwalba. Ba ya bushewa, don ba ta da inda za ta aje ƙafar da ruwan masai ba ya kaiwa. A kan wannan ta kai gidan yarin ƙara kotun tarayya, da fensir da hannunta, ba lauya.

Ta miƙa wa Dovie ambulan ɗin. Dovie wata tsohuwar farar fata ce mai giɓi, ta shiga ta fita gidajen yari huɗu har ta haddace doka fiye da masu kwat, shi ya sa kowa ke ce mata Lauya. Ta ɗora tabaraunta mai hannu ɗaya ta karanta, leɓenta na motsi.

"To, 'yar uwa, ga inda aka kwana. Sun ce ba ki taɓa kai koke ba."

"Ni?"

"Ke fa. Kin dai san doka, fursuna ba ya zuwa gaban alƙali sai ya fara kai kukansa cikin gida, a takardarsu. Kyaftin, shugaban gidan nan, ya rantse ya ce sun birkice ofis, babu farar takarda ko ɗaya mai sunanki. Alƙali ya ba ki kwana ashirin da ɗaya ki nuna naki kwafin. In babu, ƙara ta bi ruwa."

Takardar koke falle biyu ce a manne. Kana rubutu a farar, yana fitowa a ta ƙasa mai ruwan hoda. Gandiroban da ya karɓa sai ya sa hannu da kwanan wata, ya tafi da farar ofis, ya bar maka mai ruwan hodar.

Marvella ta tafa hannu ta yi dariya. "Ashe za su sha kunya! Goma sha ɗaya gare ni, Lauya. Ba ke kika ce kada in aje su a nan ba, ranar bincike a kwashe a zuba a shara? Duk wadda aka ba ni, washegari tana cikin ambulan. Suna can gidan yayata Earline, ko ƙuda bai taɓa su ba."

"Madalla da ke. Su wa da wa suka sa hannu?"

Marvella ta waiga, ta rage murya. "Mutum ɗaya ne. Sajan Pickens. Da gangan nake jiran ranar aikinsa, Talata da Juma'a."

"Don me?"

"Mijin yayar tawa ne. Shi ya ce in yi shiru da bakina, kada a ji a mayar da ni wata gunduma mai nisa."

Lauya ta cire tabarau a hankali. "Tsaya in gane. Shi ya karɓi fararen da suka ɓace. Sa hannunsa ne a kan naki. Kuma gidansa kika aika su."

"Gidan Yaya na aika."

"Da wa take kwana, yayar taki? Kai, Vella! Kin ba kura ajiyar nama, har da manna mata kan sarki!"

Ni dai ban ga wautarta ba, kuma duk wanda ya tashi a nan ba zai gani ba. A gundumar nan ba wanda ke bin layi a ofis alhali yana da nasa a bayan kanta. Takardar haihuwa ce, aikin shara a makaranta ne, gyaran kwalbatin ƙofar gida ne, duk ta hannun suruki ko ɗan cocinku ake samu. Royce Pickens dattijon coci ne, shi ke zagawa da faranti ranar Lahadi, shi ya kama akwatin gawar mahaifiyarsu ta gaba. In ba ta ba shi ba, wa za ta ba?

Waya ɗaya ce a bango, kowa minti goma sha biyar, kuma kafin a haɗa ka sai wata murya ta sanar cewa ana naɗar duk abin da za a faɗa. Marvella ta bi layi tana dafa bango har aka zo kanta.

"Yaya, takardun nan nawa masu ruwan hoda."

"Suna nan, Vella. Cikin gwangwanin biskit, saman firji. Lafiya dai?"

Ta karanta mata adireshin kotu sau biyu. Earline ta ce ta rubuta, gobe da safe za ta kai gidan waya, sannan ta tambaye ta ko tana cin abinci. Marvella ta dawo tana yi wa Lauya gwalo, ta ce ciki ɗaya suka fito, ba kowa ne danginsa suka lalace ba. Lauya ta ɗauki fensir ta ja layi ashirin da ɗaya a bango kusa da kwale-kwalen, ta soke na farko.

Kwana na uku, mota ta ƙi tashi. Na biyar ranar wankin ƙodar Earline ne, ta dawo ko kofi ba ta iya ɗagawa. Na bakwai, Royce ya ce ba a aika takarda irin wannan sai an yi kwafi, injin kwafi na laburare kuma ya mutu. Na tara an yi rasuwa a coci, ita ke dafa wa masu zaman makoki.

"Yaya, ambulan ɗaya ne fa. Gidan waya yana jikin kantin da kike cefane."

"Haba Vella! Ke da kike zaune wuri ɗaya komai sauƙi kike ganinsa. Mu da muke waje ba mu da lokacin kanmu."

Ana cikin haka masai ya sake ambaliya da rana tsaka. Gandirobobi suka turo barguna biyu ta ƙarƙashin ƙofa suka ce a tsane. Ruwan ya shiga kwale-kwalen Marvella ya jiƙa katifa ya jiƙa tsumma. Kwana biyu bayan nan yatsan ya yi baƙi, jan layi ya fara hawa ƙaurinta, ga wari. Matan da suke zama kusa da ita suna buga karta suka ja gefe. Wata mai zane a wuya ta toshe hanci ta ce, "Anti, Allah ya ba ki haƙuri, amma kamar ɓera ya mutu a ƙafarki."

Nas tana zuwa sau biyu a mako. Ta leƙo ta tagar ƙofa, ta miƙo ƙwaya biyu da bandeji, ta ce in ana son ganin likita sai an cike takarda. Allurar suga kuwa wata rana ta zo bayan an ci abinci, wata rana ta manta hanya gaba ɗaya.

Kwana na goma sha ɗaya Juma'a ce, Royce ne ya shigo ƙidayar rana da allonsa a hannu, ƙaton mutum mai furfura, takalmansa na ƙyalli. Marvella ta yunƙura ta kama hannun rigarsa.

"Tolliver, koma wurinki!" ya daka mata tsawa, yadda kowa zai ji.

Da aka gama ƙidaya ya fita ya kulle, sai ya buɗe 'yar tagar miƙo abinci ya yafito ta. Ta rarrafo.

"Ƙanwata, me ya kai ki taɓa ni a gaban mutane?"

"Yaya Royce, ina fararen takarduna?"

Ya dubi hagu ya dubi dama. "Ba naki kaɗai ba ne. Kyaftin ya ce duk koken da ya shafi gado da masai a sa a kwando, tunda ba gadon da za mu ƙara. Ni umarni aka ba ni. Me kike so in yi?"

"Ka faɗa wa alƙali haka."

"Ke! Saura mini wata tara in yi ritaya. Shekara ashirin da huɗu ina shaƙar warin gidan nan. In aka kore ni, wa zai ɗauki wankin ƙodar yayarki sau uku a mako? Inshorar aikina ce ke riƙe da ranta. So kike ki kashe ta?"

"Ni ƙafata nake so. Dubi."

Bai duba ba. Ya zura hannu aljihu ya miƙo mata alawar naʼanaʼa guda biyu, irin wadda yake raba wa yara a coci. "Kada ki ce ni na ba ki," ya ce, ya rufe tagar. Mai ciwon suga fa ya ba alawa, kuma na tabbata ya tafi yana jin ya yi zumunci.

Ziyara a gidan yarinmu ba ido da ido ba ce. Mai ziyara yana zaure, kai kana ciki, bango ɗaya ne tsakaninku, amma sai dai ku kalli juna a allo kamar masu kallon talabijin. Ranar Lahadi, kwana na goma sha uku, Earline ta bayyana a allon da hularta ta coci mai fure, ta sha hoda, fuskarta ta faɗa saboda ciwo. Sai da Marvella ta ji tausayinta ya kama ta kafin ta tuna abin da ya kawo ta.

"Yaya, saura kwana takwas."

"Ko gaisuwa babu? Na sa sunanki cikin addu'ar marasa lafiya yau. Fasto da bakinsa ya ambace ki, kowa ya ce amin."

"Na gode. Takardun fa?"

Earline ta gyara zaman hula. "Na duba ban gan su ba. Kin san rufin kicin yana yoyo, na ta da kaya da yawa. Zan sake dubawa."

"Kin ce suna cikin gwangwani."

"To ƙarya na yi ke nan? Vella, tun kina ƙarama haka kike, in kin sa abu a gaba ba kya ganin kowa. Wa ya aike ki tuƙi ba lasisi? Ke kika kai kanki. Mutane nawa suka kwana a ƙasa a gidan nan suka fita lafiya ba su kai kowa ƙara ba? Sai ke, 'yar gwal. Mijina kika kai kotu, mutumin da yake ci da ni."

"Ban sa sunansa ba! Gunduma na sa, da Kyaftin!"

"Sa hannunsa fa? Shi ma goge shi za ki yi?"

A nan Marvella ta gane yayarta ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, kuma ta fi ta sanin abin da ke ciki. Ta sunkuya ta warware bandeji, ta kama ƙaurinta da hannu biyu ta ɗaga ƙafar har gaban kyamara. Yatsu biyu ne yanzu suka yi baƙi, ga ruwa yana ɗiga.

Earline ta kawar da kai ta kare ido da jakarta. "Sauke, Vella, don Allah sauke! Akwai yara a zauren nan. Kuma daga coci nake."

"Ki duba, Yaya. Ke kika koya mini tafiya da ita."

"Wannan shi ne halinki, sai kin sa mutum ya ji kamar mugu. Ni ma ba lafiya gare ni ba, amma na taso na zo." Ta miƙe tana kuka, ta aje kan wayar. Saura minti tara a lokacinsu, Marvella ta zauna tana kallon kujera ba kowa har allon ya mutu.

Ranar Laraba, kwana na goma sha shida, zazzaɓi ya kayar da ita wajen karɓar abincin safe. Haƙoranta na haɗuwa, tana kiran mahaifiyarta. Matan suka yi ta dukan ƙofa da takalman roba tun ƙarfe bakwai, ba wanda ya zo sai sha ɗaya saura. Kuma ba nas ba ce ta zo. Kyaftin ne da kansa, da takarda a hannu, yana murmushi.

"Albishirinki, Madam Tolliver. Alƙalin gunduma ya tausaya miki, an sake ki ba beli. Sa hannu a nan."

Wata biyar tana roƙon a sassauta mata beli ba wanda ya ji, yau sai ga tausayi ya sauko cikin awa huɗu. Kowa a nan ya san dalili. Fursuna in ya kwanta asibiti gunduma ke ɗaukar nauyinsa, wanda aka saka kuwa ya ji da kansa. Wani gandiroba ya riƙe mata hannu ta ja wani abu mai kama da suna. Suka ɗora ta a kujera mai taya.

Lauya ta manna baki a tagar ƙofa tana ihu. "Vella! Ki rubuta wa alƙali daga asibiti! Ki ce ya ƙara miki lokaci, ki ce a kira Pickens ya rantse! Ki ba shi adireshin da za ki sauka! In takardarsa ta je ba ki amsa ba, shi ke nan an binne maganar! Kina ji na?"

Ta ji. Sai da suka tura ta har bakin titi, wajen shingen gidan yarin, sannan suka kira motar asibiti.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an kawo ta wata guda baya, da yatsa ɗaya kawai za ta rasa. Kwana biyu bayan aikin ta roƙi wata nas biro da takarda, ta rubuta wa alƙali komai, da sunan Royce a wannan karon. Da ta zo wajen adireshi ta daɗe biro yana sama. Ɗakin da take haya, mai gida ya fitar da kayanta tun wata na biyu. Ba ta da ɗa, ba ta da miji. Gida ɗaya ne a duniya da za a buɗe mata ƙofa, shi ta rubuta. Nas ɗin ta kai gidan waya da hannunta.

Ranar da aka sallame ta, Royce ne ya ɗauko ta. Baranda tana da matakala uku, sai ya sungume ta kamar jaririya ya hau da ita, maƙwabta na kallo ta shinge. "Allah ya saka maka, Dattijo," in ji wata. "Ba kowane suruki zai yi haka ba." Aka sa ta a ɗakin baya, tsakanin keken ɗinki da kwalayen kayan Kirsimeti. Royce ya ce ranar Asabar zai kafa mata katako a matakalar don keken guragunta ya riƙa sauka.

Earline ta soya kaza, ta dafa ganye, ta gasa burodin masara. Suka kama hannun juna a teburi Royce ya yi addu'a, doguwa, ya gode wa Ubangiji da ya buɗe ƙofar kurkuku ya dawo musu da 'yar uwarsu. Earline ta ce amin da hawaye. Ta zuba wa ƙanwarta cinya ta ce, "Kin gani? Da kin yi haƙuri. Allah ba ya bukatar kotu."

Ranar Talata, da Royce ya tafi aiki Earline ta tafi wankin ƙoda, Marvella ta gangara da kekenta kicin. Gwangwanin yana saman firji kamar yadda aka ce. Ta sa sandar goge ƙasa ta zunguro shi ya faɗo, murfi ya yi gefe. Maɓallai ne a ciki, da zare, da tsofaffin katunan jana'iza. Tana nan a tsakiyar maɓallan, ta kasa sunkuyawa ta kwashe, har Earline ta dawo da auduga manne a hannu.

Earline ta dubi ƙasa ta dubi ƙanwarta. Ta ja kujera ta zauna, don ta gaji.

"Ba sai kin fasa mini gida ba. Ba su nan."

"Ina suke?"

"Murhun gashin nama na bayan gida. Kada ki ɗora wa Royce, ni na ƙyasta ashana. Tun da ta uku ta zo ya gane inda kika dosa, ya kwana biyu bai ci abinci ba. Daga nan duk wadda ta zo ba ta kwana."

"Tun yaushe?"

"Tun watan Mayu."

Marvella ta ji kamar ƙafar da aka yanke tana mata zogi. "Ranar da kika ce mota ta ƙi tashi. Ranar da kika ce injin laburare. Duk kin san babu komai."

"To me kike so in ce? Ba ki ji ana cewa ana naɗar wayar ba? In faɗa Kyaftin ya ji?" Earline ta share ido. "Ke ƙafa kika rasa, Vella, kuma wallahi na yi kuka. Ni raina ne. Da ke ce a wurina da haka za ki yi. Ga ɗaki na ba ki, ga abinci, ba na neman godiya. Amma maganar kotu ta ƙare a gidan nan." Ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta share maɓallan da kanta.

Na ga takardar da fursunoni ke cikewa in za su kai ƙara. Akwai layin da za ka rubuta sunan wanda ya zalunce ka, sai layin muƙaminsa, sai layin wurin aikinsa. Kyaftin yana shiga, Sajan yana shiga, gunduma ma tana shiga. Yaya ba ta da muƙami. Ba ta sa kaki, ba ta riƙe makulli, babu alƙalin da zai tambaye ta abin da ta ƙona a bayan gidanta. Kuma gidan yarin nan bai fi ƙarfin alƙali ba. Abin da ya tsare masa gindi shi ne kusan kowane gida a gundumar nan akwai mai samun abincinsa a gidan yarin, kuma kowane ɗaya yana da uzurinsa mai kyau, har ka ji ka tausaya masa. Matan nan talatin suna can suna jiran su ji yadda ta kaya, wata kuma ta gaji kwale-kwalen gindin masai tun ranar da aka fitar da Marvella.

Abu ɗaya ya rage mata, amsar alƙali. Ko ba takardun, in ya sa rana ya kira Royce ya ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki, dattijon coci ba zai iya ƙarya da Littafi a hannu ba. Haka dai take gaya wa kanta. Saboda haka kullum ƙarfe goma da rabi sai ta turo kekenta baranda ta tsaya a bakin matakala. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Royce ya ce katako ya yi tsada, a bari a gani. Akwatin wasiƙa yana bakin titi, taku sittin daga baranda ga mai ƙafa biyu.

Ranar Litinin ta mako na uku, farar motar gidan waya ta tsaya ƙarfe sha ɗaya, ta zuba, ta wuce. Earline ta fito daga kicin tana goge hannu a rigar girkinta, ta ratsa ta gefen keken ta sauka. Marvella tana kallonta ta buɗe akwati. Takardun talla masu launi, sai mujallar coci, sai wani dogon farin ambulan mai tambari a kusurwa. Marvella ta san shi, irinsa ne ta miƙa wa Lauya. Earline ta tsaya tana karanta bayansa. Ta ɗago ta dubi gidan. Sannan ta ninke shi biyu ta zura a aljihun gaba, ta taho a hankali tana hutawa.

"Yaya, akwai tawa?"

"Talla ce kawai, Vella. Masu sayar da katifa."

"Na ga fari. Dogo."

"Na wuta ne. Kai, dubi yadda kika bar bargonki ya zame, mutane na wucewa." Ta sunkuya ta ja bargon ta rufe dungulmin ƙafar, tana cusa gefensa da kyau. Kusurwar ambulan ɗin ta leƙo daga aljihu, tazarar tafin hannu daga fuskar Marvella, har tana iya ganin harafin farko na sunanta.

Ta kai hannu. Earline ta cafke shi a iska. Ta kai ɗayan, shi ma ta cafke. Mai ciwon ƙoda ce, amma riƙon da ta yi mata sai da yatsun Marvella suka yi ƙara. Can ƙetaren titi maƙwabciya ta ɗago daga ban ruwan furanninta tana kallonsu.

Earline ta durƙusa a gaban keken, hannayen ƙanwarta biyu a matse cikin nata, ta rufe ido.

"Yawwa, kawo hannun," ta ce da ƙarfi, yadda za a ji a ƙetare. "Mu yi addu'a."